Na Mayar da Sa Mai Ruwan Toka Ja, Yanzu Ana Ce wa Mai Shi Ɓarawo

Assalamu alaikum Gwaggo Bara'atu.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙar nan ta bi layin masu jiran a buga su a jarida, domin ranar Juma'a mai zuwa za a yi zaman da nake jin tsoro. Na yi wani abu da ban ɗauke shi a bakin komai ba, ga shi yana neman jefa wani dattijo cikin bala'i, ni kuwa tsoro ya ƙulle mini baki. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, nawa kuma ki yi haƙuri da shi.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Bodinga. Ina da ɗan shago a bakin titi, da kyamara ɗaya, da wata tsohuwar kwamfuta da sai an lallaɓa ta take tashi. Fasfo, biki, suna, saukar karatu, duk ina yi. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina da ɗan ji da kaina a wajen gyaran hoto, don a garin nan ban ga wanda ya kama ƙafata ba. Wannan jin kan ne ya kai ni inda nake yau.

Bara na koyi wata dabara a bidiyon masu gyaran hoto, su suna ce mata giradiyen maf. Dole in yi miki bayaninta, don ita ce tushen masifar. Wani ɗan siririn layi ne na launuka, kamar bakin zane, kai ne za ka jera launukan daga hagu zuwa dama yadda ranka yake so. Idan ka shimfiɗa shi a kan hoto, duk inda yake da duhu sai ya ɗauki launin hagu, inda yake da haske ya ɗauki na dama, abin da ke tsakani kuma ya ɗauki na tsakiya. Ba ruwansa da ko fuska ce, ko riga, ko ganye. Haske da duhu kawai ya sani. Ni na haɗa nawa da hannuna: duhu na ba shi ruwan makuba, tsakiya jan ƙasa, haske kuma ruwan zuma. Na sa masa suna La'asar, don in na ɗora shi sai hoto ya yi kamar an ɗauke shi rana na shirin faɗuwa. Amare suna mutuwar sonsa. Amma ka'ida ita ce a rage masa ƙarfi sosai, a sa shi kamar gishiri a miya, yadda launin gaskiya zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashi. Na san wannan ka'idar sarai, har koya wa wasu nake yi.

To akwai Baffa Hammadu. Bafulatani ne, rugarsa tana wajen Horo Birni a ƙasar Shagari, kuma aminin marigayi mahaifina ne tun suna samari. Saniyar Innata tana hannunsa kiwo tun Baba yana da rai, bai taɓa kawo mana wani labari marar daɗi a kanta ba. Inna gwiwa ta hana ta hawa kabu-kabu, saboda haka duk zuwan da zan yi sai na ɗauko mata hoton saniyarta, ta yi ta kallo tana cewa ta rame ko ta yi ƙiba, alhali saniyar nan tana nan yadda take. Ranar da aka binne Baba, Baffa Hammadu ne ya riƙe hannuna tun daga maƙabarta har ƙofar gida. Na faɗa miki wannan ne don ki san ko wane ne nake shirin bari a cikin rami.

Cikin watan Agusta, gero ya yi kai, aka yi sunan jikansa, na je da kyamarata na yi musu hotuna kyauta. Ya sa wata sabuwar shuɗiyar riga da 'ya'yansa suka ɗinka masa, kowa sai tsokanarsa yake wai ango. Da taro ya fara watsewa sai ya ja ni gefe, ya ce yana son in ɗauke shi da wani sa nasa, don buƙata ta taso zai sayar da shi, kuma a hannunsa aka haife shi. Sa ne bokolo, mai gajeren ƙaho, ruwan toka, kunnensa na hagu a tsage. Ya tsaya a bakin gonar gero ya dafa tozonsa, na ɗauka.

Da na dawo shago na buɗe hoton, na ɗora masa La'asar. Na kai hannu zan rage ƙarfin ke nan, sai na ga abin ya yi wani irin kyau da ban taɓa samu ba. Maimakon in rage, Gwaggo, sai na ƙara, na tura shi kusan ƙarshe. Da yake ruwan toka ba fari ba ne ba baƙi ba, tsakiya ya faɗa, tsakiya kuwa jan ƙasa na sa. San nan ya fito jawur kamar jar akuyar Sakkwato. Na gani da idona, na kuma yi murmushi na ce aiki ya yi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa launin sa ba abin wasa ba ne, ni da na tashi ina jin Fulani suna kiran kowace saniya da launinta.

Na wanke hoton babba na sa a gilas na kai masa. Ban buga sunan shagona a jiki ba, tunda kyauta ce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce, "Yaro, wanga aiki naka ya yi kyawo. Ka maishe shi ja awa wani sa da babana yat taɓa yi." Ya rataye shi a ɗakinsa. Ɗansa Saifuddeen ya ce in tura masa a waya, na tura, shi kuma ya ɗora a sitatus ɗinsa na Watsaf kamar yadda kowane saurayi zai yi. Ba a jima ba aka kai san kasuwa, wani mai lodin shanu ya saya, aka sa shi a tirela sai Kudu. Ina jin yanzu ko ƙashinsa babu.

Ashe akwai wani manomi a wajen Danchadi, zan kira shi Malam Mainasara, wanda aka sace wa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa tun farkon damina. Ja ne, mai gajeren ƙaho, kuma wai shi ma kunnensa na hagu a tsage yake. Ban san ta hannun da hoton ya bi ya isa gare shi ba. Abin da na sani shi ne ya gani ya rantse da Allah sansa ne, kuma daga nan hoton ya shiga guruf-guruf na Watsaf, an zagaye fuskar Baffa da jan layi, ana haɗawa da saƙon murya. Wasu kalaman ba zan iya rubuta miki su ba.

Maniru, abokina mai gyaran waya da shagonsa ke jikin nawa, shi ya fara kunna mini saƙon, yana cewa in zo in ji an kama wani ɓarawon shanu da hoto. Da ya miƙo mini wayar na ga hoton, sai na nemi kujera na zauna. Shi ma ya sake duba hoton, ya dube ni, don kullum yana ganin La'asar a kwamfutata, ya san hannuna. Na ce masa ai abin mai sauƙi ne, hoton asali yana nan a katin kyamara, zan fitar da shi kowa ya ga san ruwan toka ne. Sai ya rufe ƙofar shagon ya ce mini, "In ka iya maishe mai toka ja, mi za shi hana ka maishe ja mai toka? Wa ka yarda da kai?"

Wannan maganar har yau ban samo amsarta ba. Ya ce da zarar na fito, cewa za a yi ni ne mai wanke wa ɓarayi shanu a kwamfuta, na ga asiri ya tonu na ƙago hoton ƙarya don in kuɓutar da abokin cin mushena. Ya ce shagona a bakin titi yake, kowa ya san ƙofar gidanmu, kuma taron fushi ba ya tsayawa sauraron bayanin kwamfuta. Shawararsa ita ce in goge komai, na kyamara da na kwamfuta, in tafi wajen yayata a Birnin Kebbi har ƙura ta lafa. Ba mugu ba ne Maniru, tsorona yake ji. Ni ma na taɓa ganin yadda aka yi wa wani mutum a kasuwa a kan akuya, kafin a gano ba shi ba ne an riga an karya masa hannu. Tun da abin nan ya faru, in babur ya tsaya a ƙofar shagona sai na zabura na leƙa waje. Jiya wata mata ta zo ɗaukar fasfo, na kasa riƙe kyamara daidai, sai da na ce mata batir ya mutu.

Can rugar kuwa abin ya fi haka muni. Saifuddeen ya ce mini Nana Hauwa, matar Baffa, ta kai nono kasuwa ta dawo da shi yadda ta kai, matan da suka shekara suna saye a wajenta suka riƙa kau da kai. Wasu samari sun zo a kan babura sun zagaye rugar sun tafi, yara suka ɓuya a cikin gero. Allah Ya saka wa mai garinsu, shi ya tare abin ya kai gaban hakimi, aka sa ranar Juma'a bayan an sauko, mutanen Malam Mainasara za su zo, Baffa kuma ya kawo san ko ya kawo hujja. San da yake Kudu, Gwaggo. 'Yan'uwan Baffa sun ce za su shaida ruwan toka ne, aka ce musu ai ɗan'uwa ba zai ƙi bayan ɗan'uwa ba, ga hoto kuma yana magana da kansa. Baffa ya ce gyara aka yi wa hoton, aka yi masa dariya, aka ce to ya faɗi wanda ya gyara.

Ya ƙi faɗa. Ya kuma hana duk wanda ya gan ni da kyamara ranar suna ya ambaci sunana. Saifuddeen ya kira ni yana kuka, ya ce ya roƙi uban ya bari a kira ni, sai Baffa ya ce masa, "Ka hwaɗa mai shi zamna gida. Uwatai shi ɗai gare ta a gida. Ni niy yarda anka ɗauke ni, ni ka amsawa." Ki ji fa. Da na ji wannan saƙon, abin kunya, sai da na ji wani sanyi a raina, na ce to ai shi da kansa ya ce in zauna. Sanyin bai kai ko'ina ba ya koma wuta. Abinci ba ya shiga. Inna sai tambaya take, "Mi as same ka?" ina ce mata zazzaɓi ne, har ta dafa mini ganyen dogonyaro na shanye, ɗacinsa ma ban ji ba.

Na yi tunanin in sayi sabon layi in tura hoton asali cikin guruf ɗin ba suna. Na yi tunanin in bi maganar Maniru. Na yi tunanin in tafi kawai ranar Juma'a in tsaya a gaban mutane, amma da na hango idanun da za su juyo kaina sai in fasa. Ni ba jarumi ba ne, Gwaggo, ko rigima a layin mai ba na iya tsayawa kallo. Ina tsoron a doke ni, ina tsoron a ƙone shagon da shi kaɗai muke ci da shi ni da Inna, kuma ina tsoron in je in yi magana a ƙi yarda, in ƙara wa Baffa laifi a ce har da ɗan kwamfuta gare shi. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in wayi gari in ji wani abu ya same shi, alhali maganin yana cikin aljihuna a ɗan katin da bai kai farce ba.

Ki faɗa mini abin da zan yi. Ko zagina za ki yi, ki zage ni, amma ki faɗa mini.

Naki,
Mai hoton da tsoro ya rufe, Bodinga.

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ranar da wasiƙarka ta iso na mayar maka da wannan amsar ta adireshin da ka aiko, ban jira ranar bugawa ba. Ina buga ta a nan ne saboda sauran masu sana'arka, da kuma masu tura hoto a guruf kafin su bincika.

Kafin komai, kada ka goge ko ɗigo. Katin nan da ke aljihunka ka kwafi abin da ke ciki ka ajiye a wuri na biyu, aikin da ke kwamfuta kuma ka bar shi yadda yake da La'asar ɗinka a kai. Yanzu kai mutum ne da ya yi kuskure. Ranar da ka goge ka gudu Birnin Kebbi, ka zama mutumin da ya ɓoye shaida, kuma sunanka zai fito ko ba daɗe ko ba jima, tunda Maniru kallo ɗaya ya yi ya gane hannunka, amaren da ka yi wa aiki ma ba makafi ba ne. Sabon layi kuma ka manta da shi. Hoton da ba shi da uba ba zai kashe wutar da hoto ya kunna ba.

Ba zan zage ka ba, amma ba zan shafa maka mai ba. Ba ka yi sata ba, ba ka yi niyyar ƙarya ba. Ka dai ɗauki kwalliyar amare ka shafa wa dabba, a ƙasar da launin sa yake matsayin sunansa da shaidarsa. Kuma ina so ka cire Malam Mainasara daga sahun maƙiyanka. Mutumin da aka raba da san huɗa a farkon damina an karya masa shekara guda ne, ya ga ja, ya ga gajeren ƙaho, ya ga tsagaggen kunne, me kake so ya ce? Laifin masu zagaye fuskar dattijo da jan layi daban ne, wannan su da Allah. Shi kam ka je masa da ladabi, ka fara da jajanta masa.

Tambayar Maniru tana da ƙarfi, don haka na kai ta wajen Faruk, mai kula da hotuna a ofishinmu. Ya ce abokinka ya yi gaskiya rabi: mayar da ja ruwan toka ba wuya ba ne, saboda haka hoton asali shi kaɗai ba zai ishe ka ba. Amma ya ce hujjarka mafi ƙarfi tana cikin jan hoton da kansa, wanda ke wayar kowa, wanda ba ka da ikon taɓawa yanzu. Kai da bakinka ka ce dabarar nan ba ta san fuska ba, ba ta san ganye ba. To ba san kaɗai ta rina ba. Ka ce a bakin gonar gero aka tsaya, cikin Agusta. A buɗe hoton a wayar Malam Mainasara, a nemo kore ko na ganye ɗaya. Manomi ne shi, ya san launin gero a Agusta fiye da ni da kai. Sannan a dubi rigar Baffa. Duk wanda ya ci tuwon sunan nan ya ga shuɗiya ce, rigar kuma ba ta hau tirela ba, tana nan a ɗaki, a zo da ita. In hoto ya yi ƙarya a kan gero ya yi ƙarya a kan riga, ba shi da bakin ba da shaida a kan sa.

Faruk bai bar ni da ji ba. Ya ɗauki hoton koren mayafina a nan ofis, ya haɗa launuka irin naka ya ɗora, ina kallo mayafin ya koma ja. Gani ya kori ji, kai ma haka za ka yi. Ka tafi da kwamfutarka cike da caji. Kada ka yi dogon bayani, kada ka ambaci sunan dabarar ma. Ka roƙi Malam Mainasara ya zaɓi duk abin da ya ga dama a wurin, jaki ne ko bangon siminti, ka ɗauka a gabansa, ka ɗora, ka cire, ka sake ɗorawa. In ya yarda, ka bar shi ya danna da yatsansa.

Wannan zai rushe zargin, amma akwai abin da zai wanke Baffa tas, kuma kai ka faɗe shi ba ka lura ba. Ka ce duk zuwanka kana ɗauko wa Inna hoton saniyarta. Saniya ba ta tsayawa ita kaɗai a garke. Ka zauna yau ka bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, na bara da na bara waccan, ka duba bayanta da gefenta. In Allah Ya sa san nan ya fito ko sau ɗaya da tsagaggen kunnensa tun kafin daminar bana, magana ta ƙare, don ba a ajiye san sata a garke tun kafin a sace shi. Sannan Saifuddeen ya nemo dillalin da aka sayar ta hannunsa. Dillali ba ɗan'uwan Baffa ba ne, kuma irinsu ba sa manta launin abin da suka ci la'ada a kansa.

Yanzu batun tsoronka. Ba zan ce maka babu abin tsoro ba, akwai. Shi ya sa ba na son ka faɗa tsakiyar taro ranar Juma'a kamar daga sama. Ka fara da Inna, yau ɗin nan, ka daina shan dogonyaro a banza. Za ta tsorata, amma matar da ta amince wa mutum da saniyarta shekara da shekaru ta san abin da ake binta. Daga nan ka sami limamin unguwarku ko wani ƙanin mahaifinka da ake jin maganarsa, ku je wajen hakimi kafin ranar zaman, ka nuna masa komai a keɓe. Shi ya san yadda zai tsara zaman, ya san wanda zai zauna kusa da wa, kuma ku roƙe shi ya sanar da 'yan sanda su kasance a wurin. Mutumin da ya shigo a bayan liman, hakimi ya riga ya san da zuwansa, ba a taɓa shi da sauƙi. Kada ka rubuta komai a Fesbuk kafin nan, kada ka amsa wa kowa a guruf. In an gama lafiya, ku roƙi Malam Mainasara ya yi saƙon murya da bakinsa a tura inda aka tura na farko, don nonon Nana Hauwa ba zai sayu da hukuncin da aka yi a zaure kawai ba.

Zai yiwu wani ya zage ka, zai yiwu ciniki ya ja baya na ɗan lokaci. Wannan kuɗin gishirin da ka zuba da yawa ne, ka biya ka wuce. La'asar kuma ba sai ka jefar da ita ba, sana'arka ce. Ka dai mayar da ita inda ka san ka'idarta, ka kewaye dabba da amfanin gona da duk abin da za a iya saye ko a yi shari'a a kansa ka bar su da launin da Allah Ya ba su, kuma duk wanda ka ba gyararren hoto ka haɗa masa da na asali.

Saura saƙon Baffa, wanda na san shi ne ka fi jingina da shi. Ya ce ka zauna gida, kuma ya kyauta, haka ake son amini ya yi wa ɗan amininsa. Amma wannan nasa rabon ne na amanar, ya kuma sauke. Bai sauke maka naka ba, ba zai iya ba. Shirunsa kai yake karewa, naka shirun kuwa shi yake jefawa a rami. Ka ce ba jarumi ba ne kai, to ba a nemi jarumi ba, mai hoto ake nema ya zo ya ce ni na ɗauka, ni na gyara. Hannu na rawa ma ana iya faɗin wannan.

Mutumin nan ya riƙe hannunka daga maƙabarta har gida. Ranar Juma'a, in ya ɗaga kai a zauren nan, ya gan ka.

Allah Ya tsare ka, Ya wanke Baffa Hammadu, Ya mayar wa Malam Mainasara da mafi alherin abin da ya rasa. Ka gaishe mini da Inna.

Taka,
Gwaggo Bara'atu.